MUJIYA A IDON BAHAUSHE DA IDON BATURE: TSOKACI A KAN CAMFI DA HASASHEN MASU KARATU

GABATARWA

Kowace al'umma tana da waɗansu halittu da ta ɗora wa ma'ana wadda ta wuce tsoka da ƙashinsu. Bahaushe ya ba zaki sarauta, ya ba dila malanta, ya ba kura kwaɗayi da tsoro, ya ba gizo wayo. A cikin tsuntsaye kuwa, babu wadda ya ɗora wa kaya mai nauyi kamar mujiya, domin ita ya ba baƙin jini, ya kuma jingina ta da dare da maita da mutuwa. Abin mamaki shi ne, wannan tsuntsuwa da ake jifa a ƙasar Hausa ita ce waɗansu al'ummu suka ɗauka alamar hikima, har suka buga hotonta a kan kuɗinsu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba matsayin mujiya a tunanin Bahaushe, musamman a yankin Magami da maƙwabtansa na Gusau da Tsafe da Bunguɗu a Jihar Zamfara. Daga nan za a waiwayi abin da waɗansu al'ummu suka ce game da ita, sa'an nan a kawo misalin wata mujiya ta cikin ƙagaggen labari, watau Hedwig ta littattafan Harry Potter, a ga yadda masu karatu suka yi ta hasashe a kanta, kowa yana auna ta da mudun al'adarsa. A ƙarshe za a nuna cewa zancen bai tsaya ga hira ba, domin yana taɓa rumbun manomi da lafiyar jinjiri da mutuncin tsofaffi.

SUNANTA DA HALITTARTA

Sunan da aka fi saninta da shi shi ne mujiya, jam'i mujiyoyi, ko da yake a waɗansu kare-karen harshen akan ji ana cewa duji. Bahaushe ya haɗa su duka a suna ɗaya, alhali kuwa masana ilmin tsuntsaye sun ƙidaya fiye da iri 200 a duniya. A dazuzzuka da garuruwan Arewa akwai babba mai ruwan toka da tukkaye biyu kamar kunnuwa, akwai ƙanana waɗanda ba su fi kurciya ba, akwai kuma mai farar fuska shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, wadda ke zama a rufin soraye da kangaye da kogon kuka. Wannan ta ƙarshe ita ce mai ƙara mai tsawo kamar ta mutumin da aka shaƙe, kuma ita ce ta fi kusantar gidajen mutane.

Yawancin abubuwan da ke ba mutane tsoro a jikin mujiya kayan sana'arta ne. Idanunta manya ne, suna fuskantar gaba kamar na ɗan Adam, amma ba sa juyawa a cikin gurbinsu. Saboda haka sai aka ba ta ƙasusuwan wuya 14, ninki biyu na bakwai ɗin da mutum ke da su, har tana iya juya kanta kashi uku cikin huɗu na da'ira, watau digiri 270. Gefen gashin fukafukanta yana da laushi da ƴan haƙora kamar na mataji, waɗanda ke kashe ƙarar iska, don haka takan wuce ta kan mutum bai ji motsinta ba. A irin mai farar fuska, ramin kunne ɗaya ya fi ɗayan tsawo a jikin kai, abin da ke ba ta ikon gane daidai inda motsi ya fito. Wani masani Ba'amurke, Roger Payne, ya buga sakamakon gwajinsa a 1971, inda ya nuna cewa irin wannan mujiya tana kama ɓera a ɗaki mai duhu ƙirin da taimakon kunne kaɗai. Bayan ta haɗiye abin da ta kama, sai ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule. Wanda ya fasa irin wannan curi a gindin bishiyar da take kwana zai tarar da ƙoƙon kan ɓera da na jaɓa da ɓawon ƙwari, ba wani abu ba.

MUJIYA A CAMFIN BAHAUSHE

Camfi shi ne a ɗauka cewa aikata wani abu, ko ganinsa, ko jinsa, zai haifar da alheri ko sharri, ba tare da akwai wata alaƙa da hankali ko addini ya tabbatar a tsakaninsu ba. Akwai camfe-camfen da aka ƙaga don tarbiyya, kamar a ce yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata, ko a hana shara da dare. Akwai kuma waɗanda tsoro ya haifa, kuma camfin mujiya yana cikin wannan kashi na biyu. Ana iya kasa shi gida huɗu.

Na farko, kukanta. An ɗauka cewa idan ta sauka a kan soro ko bishiyar tsakar gida ta yi kuka, to, mutuwa ko wata masifa na tafe, musamman idan akwai majinyaci a gidan. Shi ya sa da an ji ta sai a shiga neman tsari, wani ya ɗauki dutse, wani ya ciro bakin wuta daga murhu ya jefe ta.

Na biyu, alaƙarta da maita. A tunanin gargajiya maye yana da ƙanƙara a cikinsa wadda ke ba shi ikon ganin kurwar mutum ya kama ta, kuma an ce yakan rikiɗa da dare ya zama wata dabba ko tsuntsu. Tun da mujiya ce ke yawo lokacin da kowa ya kwanta, sai aka ce ko dai mayen ne da kansa, ko kuwa ƴar aikensa ce.

Na uku, jarirai. Uwaye mata sukan ji tsoron kada ta gitta ta kan jinjiri ko ta yi kuka kusa da ɗakin mai jego, kuma idan yaro ya kama jijjiga da dare akan sami mai cewa an ji kukanta jiya.

Na huɗu, magani. Abin da ake tsoro shi ake zaton yana da asiri, don haka a shimfiɗar ƴan magori a kasuwanni akan ga kan mujiya ko ƙafarta ko gashinta tare da sauran tarkacen dabbobi.

Harshe ma ya adana wannan ra'ayi. Idan jama'a suka tsani mutum akan ce ya yi baƙin jini kamar mujiya, idan kuma aka taru a kansa da tsangwama sai a ce an mai da shi mujiya. Tushen wannan magana abu ne da kowane ɗan ƙauye ya taɓa gani: duk ranar da mujiya ta kuskura ta bayyana da rana, ƙananan tsuntsaye sukan yi mata taron dangi da tsiwa da saran baki har sai ta gudu. Tsuntsayen suna da hujjarsu, domin takan ɗauke ƴaƴansu da dare. Muzuru ma da aka ce mai kaza zagi marar kaza zagi, an san laifinsa. Amma ɗan Adam, wanda mujiya ba ta taɓa ɗaukar masa ko ƙwayar hatsi ba, aron ƙiyayyar ya yi daga tsuntsaye. Har wa yau, in aka duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya wallafa daga 1911 zuwa 1913, ko waɗanda Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa makarantu a farkon shekarun 1970, za a ga gizo da ƙoƙi da kura da zaki ne ke jan ragamar labari. Mujiya ba ta cikin manyan taurari. An fi ambatonta a hirar tsoro, inda ba ta da bakin kare kanta.

MAIKI DA MUJIYA A ƘASAR ZAMFARA

Magami gari ne na manoma a kudancin Gusau, a kan hanyar Ɗansadau. Yankin, haɗe da ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu, ƙasa ce ta duwatsu da manyan itatuwa da gonakin dawa da gero da masara. Duk abin da mujiya ke bukata yana nan: kogo don kwana, rumbu don ɓeraye.

A wannan yanki ne garin Kwatarkwashi yake, a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, a gindin shahararren dutsen nan da matafiyi ke hangowa a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa. An san garin a tarihi da tsafin Magiro, da kuma wani biki da a dā samari kan hau dutsen su kamo maiki da ransa, wanda ya kamo kuwa ya yi abin a yaba masa. A nan akwai abin lura. Maiki da mujiya duka tsuntsaye ne masu lanƙwasasshen baki masu cin nama, duka kuma mazauna duwatsu ne, amma an ɗaukaka ɗaya har an shirya biki dominsa, an ƙasƙantar da ɗaya har ba a son jin muryarta. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne lokacin fita. Maiki na shawagi da rana tsaka, kowa na ganin tashinsa da saukarsa. Mujiya kuwa ta zaɓi dare, Bahaushe kuma ya riga ya yanke hukunci cewa dare rigar mugu ne. Duk mai sana'ar dare abin tuhuma ne, ko da halal yake nema.

Akwai wani darasi mai ɗaci da tarihin kwanan nan ya koyar. Hare-haren ƴan bindiga da suka addabi wannan yanki tun cikin shekarun 2010 sun tayar da ƙauyuka da dama, mutane suka bar gidaje da rumbuna suka nemi mafaka a Gusau da sauran garuruwa. Gidan da aka bari, ɓera ne ke fara gadonsa, mujiya kuma ta biyo ɓera. Wanda ya ratsa kufai ya ji kukanta zai iya cewa ita ta kawo watsewar, alhali kuwa kowa ya san wanda ya kore mutanen. Mujiya tana zuwa ne bayan kango ya tabbata.

ABIN DA YA ZO DAGA LARABAWA

Ba dukan abin da ake faɗi game da mujiya ne gadon maguzanci ba, wani ta hanyar littattafai ya shigo. Ƙasar Zamfara tsohuwar ƙasar karatu ce. Ƴandoto da ke ƙasar Tsafe ta yi suna da malamai tun kafin jihadin 1804, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara. Inda duk karatun Larabci ya zauna, labarun Larabawa ma sukan zauna.

Larabawan Jahiliyya suna da camfin da suke kira hama. Sun ɗauka cewa idan aka kashe mutum ba a ɗaukar masa fansa ba, wani tsuntsu mai kama da mujiya yakan fito daga kansa ya riƙa kuka a kan kabarinsa yana neman a shayar da shi, watau da jinin wanda ya kashe shi. Waɗansu malamai kuma sun fassara kalmar da cewa mujiya ce da idan ta sauka a kan gidan mutum sai ya ce ta yi masa shelar mutuwarsa ko ta wani nasa. Wannan fassara ta biyu daidai take da camfin Bahaushe, ba ragi ba ƙari. Hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore hama tare da camfi da tsuntsaye, watau ya nuna cewa babu gaskiya a cikinsu. Ke nan malamin zaure yana da hujja mai ƙarfi a hannunsa tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Duk da haka, littattafan adabi sun ci gaba da ɗauke da tsohon hoton. Damiri, malamin Masar da ya rasu a 1405, ya kawo a littafinsa Hayatul Hayawan cewa daga cikin alkunyar mujiya akwai Ummul Harab, watau uwar kango, da Ummus Sibyan, watau uwar yara. Suna na biyun sananne ne ga malaman tsibbu na ƙasar Hausa a matsayin aljanar da ke taɓa ƙananan yara da masu ciki, kuma akan rubuta laya don tsari daga gare ta. Wannan yana iya zama ɗaya daga cikin hanyoyin da mujiya ta haɗu da ciwon jarirai a tunanin jama'a.

Haka kuma a Kalila wa Dimna, wanda Ibn Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8 daga labarun da asalinsu na Indiya ne, akwai babi guda a kan gabar mujiyoyi da hankaki. An nuna cewa tsuntsaye sun taɓa shirin naɗa mujiya sarauta, sai hankaka ya tashi ya lissafa muninta da zafin ranta da makantarta da rana, aka fasa naɗin. Daga baya wani hankaka ya sa aka fige shi, ya je wa mujiyoyi a matsayin korarre, sarkinsu ya ƙi jin shawarar wazirin da ya ce a kashe shi, har ya gane sirrinsu aka ƙone su a cikin kogonsu. A nan mujiya ba mai hikima ba ce, wadda ake ruɗa ce da daɗin baki.

ABIN DA YA ZO DAGA GIRKAWA

A birnin Atina na tsohuwar Girka al'amarin ya sha bamban. Mutanen birnin suna bauta wa wata gunkiya mai suna Athena, wadda suka ɗauka ita ce ma'abuciyar hikima da dabarun yaƙi, tsuntsuwarta kuwa wata ƴar ƙaramar mujiya ce. Tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa suke buga kuɗin azurfa da kan gunkiyar a fuska ɗaya, mujiya a ɗaya fuskar. Rumawa suka daidaita Athena da tasu gunkiyar mai suna Minerva. Ana zaton hujjar Girkawa ita ce, mai gani a cikin duhu ya ga abin da ya ɓuya ga sauran jama'a, kuma wannan ita ce siffar masani. Daga nan ne Turawa suka gaji al'adar zana mujiya a littattafan yara da tambarin makarantu. Amma ko a Turai ba a rabu da ɗaya fuskar ba, domin Rumawa sun ɗauki kukan mujiya a cikin gari alamar mutuwa, kuma manoman Turai sun daɗe suna kafe gawarta a ƙofar rumbu don korar sharri. Ashe siffa ɗaya ce, watau gani a duhu, wani ya kira ta ilmi, wani ya kira ta maita.

HEDWIG DA HASASHEN MASU KARATU

Marubuciyar Ingila J. K. Rowling ta fitar da littafin farko na Harry Potter a 1997, na bakwai kuma na ƙarshe a 2007, kuma zuwa 2018 an sayar da fiye da kwafi miliyan 500. Labarin wani maraya ne da aka kai makarantar koyon sihiri. A duniyar labarin mujiyoyi ne masinjoji masu kai wasiƙu, kuma a ranar da yaron ya cika shekara 11 aka saya masa wata farar mujiya irin ta ƙasashen ƙanƙara, ya sa mata suna Hedwig. Ta zauna tare da shi har farkon littafi na bakwai, inda aka kashe ta a cikin kejinta a daren da abokansa ke ƙoƙarin tserar da shi daga maƙiyansa.

Masu sha'awar labarin ba su tsaya ga abin da aka rubuta ba, sun yi ta ƙulla hasashe a kan abin da marubuciyar ta ɓoye. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin akwai tatsuniyoyin da ake rufewa da tambaya, a ce a cikin mutanen nan uku wa ya fi gwaninta, a bar masu sauraro su yi ta gardama. Ga huɗu daga cikin hasashen da aka yi a kan Hedwig.

Na ɗaya, masu bin sawun Girkawa sun ce alamar hikima ce, kuma ba ta abokanci yaron ba sai a lokacin da ya shiga neman ilmi. Suna kafa hujja da cewa ɗaya daga cikin manyan malaman makarantar sunanta Minerva.

Na biyu, masu bin sawun suna sun lura cewa akwai wata waliyyiyar Kirista mai suna Hedwig, wadda ta rasu a 1243 a ƙasar Silesiya, aka kuma san ta da jinƙan marayu da matalauta. Suka ce ashe mujiyar tana tsaye ne a matsayin uwar da yaron ya rasa, ga shi kuwa ita kaɗai ce ke tare da shi a gidan dangin da ba sa ƙaunarsa.

Na uku, masu bin tsohon camfi sun ce mujiya ba ta rabuwa da mutuwa. A babin farko na littafin farko an nuna mujiyoyi suna ta yawo da rana tsaka a faɗin ƙasar, washegarin daren da aka kashe iyayen yaron, sa'an nan mutuwar Hedwig ce ta buɗe ƙofar mace-macen da suka cika littafi na bakwai. Mai karatu ɗan Magami ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan, domin ya san banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na huɗu, wanda ya fi yaɗuwa, shi ne cewa Snape, malamin nan da ke cikin maƙiya a fili alhali a ɓoye yana kare yaron, shi ya kashe ta da gangan. A daren gudun, mutum shida sun rikiɗa sun ɗauki kamannin yaron don su ruɗa masu farautarsa, sai aka ce farar mujiyar za ta tona wanda yake na ainihi, don haka Snape ya kawar da ita.

Aikin ɗalibin adabi shi ne ya koma ga matani ya auna kowane hasashe. Na huɗun yana da daɗin ji, amma littafin bai goyi bayansa ba. An nuna cewa kowane ɗaya daga cikin masu kamannin an ba shi keji da mujiyar bogi a ciki, saboda haka tsuntsuwar ba ta bambanta kowa da kowa ba. Abin da ya tona asirin yaron shi ne irin sihirin da ya saba amfani da shi na ƙwace makami maimakon kisa. A fim ɗin da aka fitar a 2010 ne aka sauya labarin, aka sa mujiyar ta taso don ta kare shi, ta haka aka gane shi. Masu hasashen sun gauraya littafi da fim ne. Ita kuwa marubuciyar, da masu karatu suka tambaye ta a 2007, ta nuna cewa mutuwar Hedwig alama ce ta ƙarewar ƙuruciya da gushewar kwanciyar hankali, amsar da ta fi kusa da hasashe na biyu. Wani abin ban dariya shi ne, irin wannan farar mujiya takan yi farauta da rana a ƙasarta, kuma namijin ne ya fi fari, shi ya sa maza aka sa suka fito a matsayin Hedwig a fina-finan. Ke nan tsuntsun da aka ɗora wa ma'anar dare da ta uwa, a zahiri bai cika ko ɗaya daga cikin siffofin biyu ba.

ABIN DA CAMFI KE JAWOWA

Da a ce ma'anar da ake ɗora wa mujiya tana tsayawa a baki, da ba abin damuwa ba ne. Amma tana sauka a kan rayuka.

Ta fuskar noma, ɓera yana cikin manyan maƙiyan rumbu, kuma wani irinsa ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969. Mujiya mai farar fuska da mijinta da ƴaƴansu sukan cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara. A Maleshiya manoman kwakwar manja da na shinkafa har akwatuna suke kafa mata a kan dogayen sanduna don ta zauna ta yi musu gadi. Manomin da ya jefe mujiyar da ke kwana a kukar bayan gidansa ya kori mai gadin da ba ya karɓar lada.

Ta fuskar lafiya, jijjigar yara tana da dalilai sanannu, kamar zazzaɓin cizon sauro idan ya yi tsanani, da sanƙarau, da ciwon da ke shiga ta cibiyar jariri idan an yanke ta da ƙazamar aska. Jihar Zamfara ta ga wani dalilin a 2010, lokacin da gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da yawansu kuwa da jijjiga suka cika. Sai da aka gwada jini da ƙasa aka gane maƙiyin yana cikin ƙurar tsakar gida. Duk daren da aka ɓata ana neman tsuntsuwar da ta yi kuka, dare ne da aka rage daga lokacin kai yaro asibiti. Dalilin da ya sa ake yawan jin ta a gidan majinyaci kuwa a fili yake: a nan ne mutane ke kwana ido biyu. Tana kuka a sauran darare ma, amma kowa na barci. In an yi rashi a tuna da kukan, in an sami sauƙi a manta da shi.

Ta fuskar zaman jama'a, inda aka yarda cewa mujiya ƴar aiken maye ce, ba a daɗewa sai a nemi mayen, kuma yatsa ya fi saurin nuna tsohuwar da ba ta da gata.

Ƙauna marar sani ma tana da tata ɓarnar. A 2010 ministan muhalli na Indiya, Jairam Ramesh, ya koka cewa sha'awar Harry Potter tana sa iyaye saya wa yara mujiyoyin da aka kamo daga daji. A 2017 masana biyu, Vincent Nijman da Anna Nekaris, suka ba da rahoton ƙaruwar cinikin mujiya a kasuwannin tsuntsaye na Indunusiya, inda sunanta na gargajiya ke nufin tsuntsun fatalwa, amma ƴan kasuwa suka koma kiranta tsuntsun Harry Potter. Wadda camfi bai kashe ba, keji ya cinye ta.

KAMMALAWA

An ga yadda Bahaushe ya jingina mujiya da mutuwa da maita, da yadda wani sashe na wannan tunani ya yi daidai da na Larabawan Jahiliyya wanda Musulunci ya rushe, da yadda Girkawa suka karanta siffar nan tata a matsayin hikima. An kuma ga yadda masu karatun Harry Potter suka ɗebo daga waɗannan rijiyoyi suka shayar da hasashensu, wani ya dace da matani, wani ya kauce. Abin da ya fito fili shi ne, ma'anar alama tana fitowa ne daga al'adar mai kallo, don haka wajibi ne mai nazari ya rarrabe abu uku: abin da tsuntsuwar take a halitta, abin da al'umma ta ce game da ita, da abin da marubuci ya yi da ita a labarinsa.

Akwai aiki a gaban ɗaliban Sashen Hausa, musamman ƴan asalin wannan yanki. Tsofaffin Magami da Kwatarkwashi da Ƴandoto suna riƙe da sunaye da karin magana da labarun tsuntsaye waɗanda ba a rubuta ba, ga shi kuma ƙaura ta warwatsa da yawansu. Ya kamata a same su a inda suke, a ji daga bakinsu, a rubuta yadda suka faɗa, domin da tsohuwar zuma ake magani.